Man Gyaɗa a Tankin Badaru

A shekarar da fari ya cinye gero, sabulu ma sai an bi layi, a ita Badaru ya yi babur. Wani Bature mai haƙa rijiyoyi ne ya bar masa da zai koma gida, ladan gadin da ya yi masa. Babur ne na hawa duwatsu, siriri kamar akuyar rani, wurin zamansa bai fi tafin hannu ba. A tsaye Badaru yake tuƙa shi, babbar riga tana filfilwa, yana tsallake kunyoyin gonakin mutane.

Ɗan Iya, makaniken Kunci, ya ja masa kunne tun ranar farko.

“Malam Badaru, wannan ba ya shan fetur zalla. Kowane galan, ka zuba masa baƙin mai cikin gwangwanin tumatir ɗaya, ka girgiza.”

Bai faɗi wane gwangwani ba. Badaru kuwa mutum ne mai hannu sake, sai ya samo babba, irin na masu tuwon sayarwa. Da ya buga kik, hayaƙi ya turnuƙe gidan har matarsa Hure ta fito da bokiti tana kururuwar gobara. Sauro ya ƙaurace wa unguwar kwana uku.

Ya koma ƙaramin gwangwani, aka zauna lafiya, sai baƙin mai ya ɓace daga kasuwa. Ya je Tofa, ya je Dawaki, babu ko ɗigo.

Ranar Juma'a yana zaune yana kallon babur, idonsa ya faɗa kan kwalbar man gyaɗan da Hure ta matse don kai wa kasuwa. Ya ce a ransa, mai ai mai ne, wannan ma ya fi tsabta. Ya auna gwangwani guda, ya ƙara rabi don albarka.

Babur ya tashi sumul. Kafin ya kai bakin rijiya ƙamshin suya ya cika gari. Tsohuwa Fadima ta leƙo da kwano tana tambayar wa ke ƙosai da tsakar rana. Karnuka huɗu suka rufa masa baya. A ƙofar masallaci wani dattijo ya shaƙi iska ya ce, “A wannan marrar wa yake suna bai gayyace mu ba?”

Kwana tara yana haka, yana taƙama. A na goma babur ya yi tari sau biyu a hanyar Kunci, ya mutu. Da turi ya ƙarasa.

Ɗan Iya ya kwance fulogi, ya sansana, ya dubi Badaru, ya sake sansanawa.

“Me ka ba shi?”

“Mai.”

“Wane mai?”

“Na gida.”

Ɗan Iya ya lakaci baƙin danƙon da yatsa ya ɗanɗana. “Wallahi gishiri kawai ya rage.”

Wuni guda suka yi suna kankare injin da tsinke. Kafin Badaru ya iso gida labari ya riga shi. Ya tarar Hure ta ajiye turmi da kwaryar soyayyar gyaɗa a tsakar gida.

“Maigida, kwalba uku na nema na rasa, har na zargi 'yar'uwata Sakina muka daina magana. Ga taɓarya.”

Ya waiga ko maƙwabta na leƙe ta katanga. Suna leƙe. Ya cire hula, ya naɗe hannun riga, ya fara daka.