Dafaffe Ba Ya Tsiro

Janelle na gyara labule ne hannunta ya ture ɗaya daga cikin robobin askirim shida da mahaifinta ya jera a bakin taga. Ƙasa ta zube, wari ya tashi.

A falo kuwa, matar da hukuma ta turo tana yi wa mahaifin nata, Lyall Febey, tambayoyi. Abin da ta rubuta yau shi zai yanke ko tsohon zai ci gaba da zama shi kaɗai a ɗan gidansa na Devonport, ko kuma a kai shi gidan tsofaffi. Shi kuwa ya sha rantsuwa gawarsa ce kawai za ta shiga can.

"Yau wace rana?"

"Alhamis. Kina so in gaya miki farashin dizal ma?"

Matar ta yi dariya. Tsohon nan, in ya ga baƙo, bakinsa kamar an wasa.

Janelle ta tsuguna tana kwashe ƙasar. Ƙwayoyin koren waken da ya shuka sun ruɓe, sun yi laushi kamar tuwon jiya. Ta buɗe firiza, sai ga ledar daskararren koren wake ta kanti, an yanke bakinta da almakashi, rabi babu.

Mutumin da ya shekara arba'in yana noman koren wake yana kai wa masana'anta. Ko yaron goye a yankin nan ya san sai an tsoma waken a tafasasshen ruwa kafin a daskarar da shi, ba zai taɓa tsiro ba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka binne mahaifiyarta.

"Har shuka yake yi," in ji matar da ta leƙo kicin. "Alama ce mai kyau. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Janelle ta sa ƙafa ta tura robar ƙarƙashin teburi.

"Babu."

"To, a ganina zai iya zamansa. Nan da wata shida sai mu sake dubawa."

Da ƙofa ta rufe, Lyall ya shigo yana jan silifas. Ya dubi ƙasar da ke farcenta.

"Ke dai tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Kunnuwanki ke tona ki."

"Baba, sanyi ne ya hana su fitowa. Watan Agusta ne fa, tsakiyar hunturu."

"Rufa mini baki, 'yar nan. Tagar arewa ce, rana na dukanta har azahar." Ya ja kujera ya zauna da ƙyar. "Ranar Talata na tona ɗaya. Sati uku ina ba dafaffen wake ruwa, safe da yamma. Ina ta zagin mai sayar da iri, alhali ban je wurin kowa ba."

"Kowa yana mantuwa."

"Wannan ba mantuwa ba ce."

A waje an ji matar tana buɗe mota, tana magana a waya.

"Zan tare nan, Baba. Zan riƙa kwana."

"Ki bar mijinki da 'ya'ya uku? A'a." Ya goge gilashinsa da gefen riga. "Yi sauri ki kirawo ta kafin ta tayar da mota, mu gaya mata gaskiya. Yau ina nan da hankalina. Gobe ban san wanda za ki tarar ba, kuma shi ba zai yarda ya bar gidan nan ba."