Hular Jura a Gidan Shugaban Ƙasa

Shekara da shekaru Dorota Pilch tana roƙon mahaifinta abu guda: ya yanka mata gefen gonarsa ta kan tudu ta gina gida irin wanda take zanawa. Shi kuwa tsoho Jura, kafintan da ya yi wa rabin ƙauyen rufi, ya kafe. Wai muddin yana numfashi ba mai dasa akwatin siminti inda tumakinsa ke kiwo. Ya tura ta birnin Krakow ta koyi zanen gine-gine, in ji shi, ta dawo masa da akurkin kaji mai gilashi.

Maganar tana ci mata rai. Ita ce fa aka damƙa wa gyaran gidan hutun shugaban ƙasa da ke kan dutsensu, wanda aka gina tun kafin yaƙin duniya na biyu. Mutanen birni suna yaba ta, uban da ya haife ta ko leƙe bai taɓa yi ba.

Ranar da aka buɗe gidan ga jama'a ta yi ta lallashi har ya shiga mota, da baƙar hularsa a ka. Dattijan tsaunukan nan ba sa cire hula sai a coci ko a bakin kabari. Ko ranar da ta gama jami'a, zaure cike da manyan malamai, Jura da hularsa ya zauna.

A bakin ƙofa wata ma'aikaciya mai suna Wanda tana raba manyan silifas na ulu, a ɗora kan takalmi don kada a goge daɓe. Jura ya zura nasa yana harararsu.

"Shi ma shugaban haka yake jan ƙafa kamar agwagwa?"

"Shi ba daga garken tumaki yake zuwa ba, Baba," in ji Wanda.

Suka shiga. Ko Dorota da ta san kowane lungu, sai da ƙirjinta ya cika. Farin bango sumul, ba zane ba ƙawa. Matakala ta lanƙwaso daga sama ba abin da ya tokare ta, kujerun bututun ƙarfe suna ƙyalli, hasken rana ya malalo ta dogayen tagogi ya kwanta a daɓen katako. Baƙi suna ta rage murya ba wanda ya sa su.

Jura dai sama yake kallo. Gungumen tsakiya yake nema, wanda a gidajensu yake riƙe rufi, ake sassaƙa sunan maigida da shekarar gini a jikinsa. Da bai gani ba ya tambaya ina aka rubuta sunan mai gidan. Ta ce ba a rubuta ba, don masu kwana a nan zuwa suke su wuce, gidan na ƙasa ne. Ya taɓe baki, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce sanyi zai kashe mutum a nan. Dorota ta fara da-na-sanin kawo shi.

Saura ɗakin cin abinci. A can akwai wata taga doguwa, siririya, ƙasa-ƙasa, wadda wasu suka toshe da bulo a zamanin baya. Dorota ta sha rigima kafin a yarda ta fasa bulon ta mayar da ita yadda mai zanen farko ya yi. Jura ya tsaya gabanta, iyakarta ƙirjinsa, ba ya ganin komai sai ciyawa. Ya ce to ga shi nan, ko awon taga ba su iya ba.

Dorota ta yi wa Wanda ido, ita kuma ta zo ta ɗage igiyar da ta kare kujeru.

"Zauna, Baba. Ba don mai tsayuwa aka yi ta ba."

Ya zauna yana ƙunƙuni, sai ƙunƙunin ya tsaya. Kwarin gaba ɗaya ya shigo ɗakin: kogi, hasumiyar coci, da rufin gidaje birjik har gindin daji. Ya miƙa yatsa yana kiran su a hankali. Ga na Bujok, ga na matar marigayi Szalbot, ga na makaranta wanda ya yi shekarar da aka haifi Dorota. Ashe duk shugaban da ya zauna cin abinci a nan, aikin hannun Jura yake kallo.

"Wa ya buɗe wannan?"

"Ni ce, Baba."

Bai ce ya yi kyau ba, bai taɓa gaya wa kowa haka ba. Hannu ya kai ya cire hular, ya ajiye ta kan teburin shugaban ƙasa. Dorota ta juya baya tana gyara igiyar da ba abin da ya same ta, don kada baƙi su ga hawayenta. Alfahari ya cika ta.

Suna gangarowa wajen mota ya ce, ba tare da ya dube ta ba, "In ƙanƙara ta narke ki kawo masu awo su auna miki gefen gonar tudu. Tagar ta kalli kwari. Amma rufi ni zan yi, ba zan zuba ido yoyo ya jiƙa mini jikoki ba."

Kafin ta amsa suka ji ana kira. Wanda ce take saukowa da gudu, tana ɗaga baƙar hular da ya manta a kan tebur.