Waƙar da Ba a Aikawa

Manzo ya juye aljihun rigar, ya kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ya sa farce ya ɓamɓaro abin da ya manne a kusurwa. Katin memori ne na waya, ɗan mitsitsi. Jiya da ya jefa shi a aljihu a miƙe yake. Yanzu ya lanƙwashe, gefe ɗaya ya narke, har zaren riga ya shige cikinsa.

"Habsa! Wa yat taɓa rigag ga?"

Matarsa tana tsakar gida tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni. Na wanke ta, na kai ma mai guga. Ko da dauɗa za ka tarbi ɗiyar Yaya?"

Ya fito ya miƙa mata tafin hannunsa. Ta dubi abin, ta dube shi, rariya ta tsaya cak a hannunta.

Laifin ba na kowa ba ne, shi ya sa ya fi ciwo. Jiya wuta ta ɗauke tun safe, Manzo ya kai wayarsa caji shagon Lawali mai wutar hasken rana. Kuma duk mai hankali a Filingue ya san ba a barin waya wurin caji da kati a ciki, don hannaye da yawa ke shiga akwatin nan. Ya zare, ya sa a aljihu, ya dawo gida ya rataye rigar. Sauran aikin, ruwa da dutsen guga suka ƙarasa.

Manzo mai awo ne, gero da dawa da wake yake sayarwa a kasuwa, amma ba da wannan aka san shi ba. Kowane mai awo idan ya cika tiya yakan ƙara ɗan tafi ɗaya, gyara. Shi Manzo gyaransa waƙa ce. Kafin ka ɗaure bakin buhu ya riga ya ce ka buɗe wayarka ya tura maka wadda yake ji a makon, tare da bayanin yadda ake shan ta, kamar mai ba da magani. Wannan ta bayan sallar asuba ce, kafin a yi maka magana. Wannan sai ka wuce Baleyara, hanya ta miƙe. Wannan kada ka ji ta kana fushi da matarka, za ka je ka ba da haƙuri ko kai ke da gaskiya. Mata sukan ce, "Manzo, ƙara muna hatsi, riƙe waƙakka," ya ƙara hatsin, ya kuma tura waƙar. A gida kuwa Habsa ta sha cewa da ta san rediyo za ta aura da ta nemi mai makunni.

Waƙa ɗaya ce tak a katin nan bai taɓa tura wa kowa ba. Ta wansa Kailu ce. Kailu ba mawaƙi ba ne, manomi ne, amma idan aka gama girbi ya samu shayi yakan sake murya. Wata kaka, a ƙauyensu can hanyar Sanam, Manzo ya sayi wayarsa ta farko mai ɗaukar magana, ya ajiye ta kan tabarma, Kailu ya yi waƙar gero. Ana jin ƙarar kofunan shayi a ciki. A tsakiya ma Kailu ya katse, ya kira 'yarsa Nasiba da ke tatata wajen garwashi, sannan ya ci gaba. Damina ba ta zagayo ba ya rasu. Uwar yarinyar ta koma da ita Yamai wurin danginta, can ta girma, yanzu tana karatun ungozoma.

Kwanan baya Nasiba ta samu labarin waƙar, ta kira shi. "Baba, ashe akwai muryar babana wajenka? Ban san ta ba, ko kaɗan ban tuna ba. Don Allah turo min."

"A'a, ɗiyata," in ji Manzo. "Wagga ba a aika ta. Zama akai a ji ta. Ki taho gida."

Ta yi magiya, ya ƙi. Har cikin ransa yana ganin muryar mamaci ba abin yawo ba ce daga waya zuwa waya, a kunna ta a tasha ana cinikin gyaɗa. To yau Nasiba tana hanya. Tun da safe ta shiga mota.

Bai karya kumallo ba ya nufi shagon Lawali. Lawali ya ɗauki katin da ɗan hantsaki, ya hura, ya goge, ya gwada tura shi a na'ura, ya ƙi shiga. Ya danna, katin ya rabe biyu.

"Baba Manzo, wanga kam sai haƙuri. Ko Yamai anka kai shi ba mai tada shi."

"Duba cikin injinka. Ai nan muka sauya kati in ya cika. Ba ka rage komi ba?"

Lawali ya ajiye hantsakin, don maganar ba daɗin faɗi. "Kai ka tsayawa bisa kaina, ka ce in goge ta Baba Kailu kana kallo. Ko wancan karon sai da kas sa na rantse."

Haka ne. Manzo ya tuna, har da yadda ya ji daɗin kansa a ranar.

Ya buɗe rumfa don bai san inda zai sa kansa ba. Rumfar ta yi tsit. Ƙaramar lasifikar da ke rataye a jikin ginshiƙi, wadda maƙwabta suka yi shekaru suna roƙon a rage ta, tana lilo ba ta cewa komai. Abin mamaki, shirun ya fi damun kasuwa. Mai gishiri ya leƙo ya tambaya ko rasuwa aka yi. Kafin hantsi ya yi zafi, Lawali ya baza labari.

Mariama mai fura ce ta fara zuwa, ita da ta fi kowa tsiya a kan gyaran Manzo. Ta ajiye ƙwarya, ta ciro waya daga ƙullin zane.

"Anka ce waƙoƙinka sun ƙone. To ga wadda kab ba ni satin da yaw wuce, ta matan Zabarma masu kiɗan ƙwarya cikin ruwa. Ka ce ta daka ta. Wallahi ta daka ta, hura har ta hi laushi. Amshi abarka."

Bayanta sai Albarka direba, mai jigila zuwa garin Abala, ya zo da ta Buzaye mai jita, wadda Manzo ya ce masa kada ya kunna sai rana ta karkata. Ya ce shi da tsakar rana yake jin ta kuma bai mutu ba. Wani malamin makaranta ya kawo ta wani yaron garin Tawa mai gurmi, wanda Manzo ya yi wata guda yana cewa a sa masa ido, muryarsa ba ta gama nuna ba amma hannunsa ya nuna. Mai nama ya kawo ta 'yan dambe. Wata tsohuwa da ba ta iya buɗe wayarta ba ta miƙa ta ɗungurungum, ta ce ya kwashe duk abin da ya zuba mata, jikokinta sun hana ta barci da su. Lawali ya kawo masa sabon kati, Manzo ya zauna yana karɓa. Har waɗanda Manzo kansa ya manta sun dawo.

Yana godiya, yana dariya inda ya kamata, amma zuciyarsa na ƙuna. Duk abin da ya watsar ya dawo masa har rumfa. Wadda ya rufe ya hana kowa, ita ce babu mai kawowa. Ya gwada rera ta a ransa, ya kama baiti na farko, na biyu ya kuɓuce. Shekara da shekaru yana jin ta kullum safiya, ashe bai taɓa riƙe ta ba, ya bar wa kati riƙo. Kuma Allah bai ba shi murya ba. Ko kiran awaki ya yi sai su watse.

Bayan azahar motar Yamai ta shigo tasha. Ya hango Nasiba tun kafin ta sauko, doguwa, da goshin Kailu sak. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya riƙe jakarta. A hanya sai ya shiga surutu, abin da ya iya.

"Kin ji ta yaron Tawa mai gurmi? Sai na tura miki. Akwai wata kuma ta Buzaye, in za ki koma, ki bari sai kun wuce Baleyara..."

"Baba," ta ce tana murmushi, "ni guda na zo ji."

Ya gyara riƙon jakar, suka ƙarasa gida.

Habsa ta tarbe ta da ruwa da fura, ta shimfiɗa tabarma a inuwar itacen bedi. Aka yi gaisuwa, aka tambayi mutanen Yamai ɗaya bayan ɗaya, Manzo yana ja wa gaisuwar tsawo har ta ƙare don kanta. Nasiba ta gyara zama, ta goge hannuwanta a zane, ta dubi wayar da ke gabansa.

Ya ciro ɓarin katin biyu daga cikin takarda ya ajiye a tabarma. Ya faɗa mata komai, bai ambaci wanki ba, bai ambaci guga ba. Ya ce shi ya hana a kwafa, shi ya ƙi turawa ranar da ta roƙa.

"Da na tura miki, da yanzu tana hannunki. Ki yahe man, ɗiyata."

Nasiba ta ɗauki ɓari ɗaya ta juya shi a yatsunta. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. "Ba komi, Baba," ta ce. "Allah bai nuhwa in ji ba." Ta ajiye shi a hankali kamar kada ya ƙara karyewa.

Habsa ta tashi ta koma wajen murhu. Ta hura gawayi a ɗan mangal, ta ɗora butar shayi, ta juya musu baya. Tun da Manzo ya auro ta bai taɓa jin ta yi waƙa ba, ko ta reno. Shi ya sa da sautin ya fara fitowa ya ɗauka daga gidan maƙwabta ne.

"Gero na tsaye, ni ina duƙe,
Ran da yad duƙa, ni ka miƙewa..."

Muryar siririya ce, tana rawa, ba ta kama da ta Kailu ko kaɗan. Amma tafiyar tasa ce. Inda yake jan numfashi nan take ja, inda yake sauke murya kamar mai ajiye kaya nan take saukewa. Baiti na biyu da ya gagari Manzo a kasuwa ya fito cif, na uku ya biyo. Duk safiyar da yake kunna ta a ɗaki yana cewa kada a dame shi, ashe akwai mai shara a tsakar gida da kunnuwa biyu.

Tana cikin baiti na huɗu sai ta katse, daidai inda ake katsewa. Ba ta waiwayo ba. Ta yi kauri da murya, yadda ta ji shi sau ba adadi, ta ce:

"Ke Nasiba! Bar wutag ga, taho nan wajen baba."

"Na'am," in ji Nasiba.

Ta amsa kafin ta san ta amsa. Sai ta toshe baki da hannu, hawaye suka zubo ta kan yatsunta. Habsa ta tsaya, ita ma sai yanzu ta ji abin da ta faɗa. Nasiba ta tashi daga tabarma, ta je ta zauna a ƙasa gefen mangal, ta jingina kai da kafaɗar matar. Habsa ta share ido da bakin mayafi, ta ɗauki waƙar daga inda Kailu yake ɗauka, ta kai ta ƙarshe.

Shayi ya tafaso ya zuba a gawayi, babu wanda ya kula. Manzo ya daɗe yana kallon bayan matarsa, kunya da ƙauna sun cika shi har ya rasa wadda ta fi yawa. Can halin ya motsa. Ya lallaɓa ya jawo wayar, ya fara laluben wurin ɗaukar magana.

"Habsa, don Allah sake daga hwarko. Wanga karon kowa sai ya samu. Lawali, Mariama, har..."

"Aje wayag ga, Malam."

"Minti kaɗan na, in ɗauka..."

Ta juyo ta dube shi, idanunta jajur, bakinta na son yin dariya.

"Wagga ba a aika ta," ta ce. "Zama akai a ji ta."

Manzo ya kife wayar a tabarma. Ya ja jiki ya matso kusa da mangal, ya naɗe ƙafa. Habsa ta fara daga farko, a hankali, baiti baiti, tana tsayawa Nasiba na maimaitawa.