Muryar 'Yardada a Aljihun Alhaji Ado

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni ba marubuciya ba ce, mai karance-karance ce kawai, irin wadda in an aike ta sayen ƙosai take tsayawa karanta jaridar da aka ƙunshe shi a ciki. Sunana Bahijja, kuma ko gaida baƙi aka ce in yi sai harshena ya harɗe. Abin da ya faru a gidanmu na Yakasai ne ya ƙi barina in zauna lafiya, shi ya sa na yi wannan karambanin.

Yayana Mikail mawaƙi ne. To, shi dai haka yake cewa. Tun da aka dawo mulkin farar hula duk mai maƙogwaro a Kano ya san inda tuwo yake: ka rera wa ɗan takara, ka wayi gari da mota. Yaya ya ce shi ya fi ƙarfin waƙar siyasa. Gaskiyar magana, ba wanda ya taɓa kiransa. Waƙoƙin soyayya yake yi, ya ɗora a intanet, ya zauna yana gadin waya. Masu saurarensa kuwa duk na san su: ni, da abokinsa Nazeer mai haɗa masa kiɗa, da wani mutum a Sudan da muke kyautata zaton yatsansa ne ya zame.

Babanmu, Malam Salihu, malamin zaure ne, ɗan malamai jikan malamai. Ya daɗe yana haɗiye abin. Rannan ya ce, "Mikail, daga nan zuwa Babbar Sallah, in wannan kukan naka bai fara ciyar da kai ba, ka wuce kasuwar Kwari shagon kawunka Isyaku ka riƙa auna yadi." Yaya kuwa ko sunan shagon nan ba ya son ji.

Situdiyonsa wani tsohon ɗakin ƙasa ne kusa da madafa, wai bangon ƙasa yana shanye hayaniya. Abin da bangon ya kasa shanyewa shi ne kakarmu 'Yardada, mahaifiyar Baba. Kun dai san wasan kaka da jika. Yaya shi ne mijinta, kuma tun yana rarrafe take ƙararsa kan rashin cefane. Wata hantsi yana tsakiyar ɗaukar waƙa, ya zo daidai inda yake marairaicewa, sai ta yaye labule da muciya a hannu.

"Kai mijin banza! Maza sun fita nema, kai kana ɗaki kana kukan akuya! Ko daddawa ba ka taɓa sayo mini ba. Sake ni in huta!"

Ta saki labulen ta yi gaba abinta. Yaya zai goge, Nazeer ya riƙe masa hannu. Ya ɗora maganar a kan kiɗa, sai ta zauna daram, kamar da kalangu aka haife ta. Suka yanki ɗan guntu suka saka a TikTok don raha.

Kafin mako ya zagayo abin ya fi ƙarfinsu. Matan aure suka yi ca a kai. Wannan ta haska tukunyarta wayam, waccan ta haska maigida yana sharar barci da rana tsaka, duk da muryar 'Yardada a sama. Masu tura waƙa a bakin kasuwa suka zuba ta a wayoyin mutane. Manhajar waƙoƙi ta fara sakin ɗan abin da ba a rasa ba, wata mai sayar da yaji ta biya aka yi mata talla da ita. Yaya ya fara shigowa da ledar nama, 'Yardada tana karɓa tana yi masa kallon wanda ya yi sata.

Ni ce mai karanta masa sharhin mutane, don shi zuciyarsa ba ta ɗauka.

"Me suka ce a kan muryata?"

"Sun ce Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya."

"Muryata na ce."

"Wani ya ce a cire mai kukan a bar musu tsohuwar."

Muka yi alkawarin kada kowa a gida ya ji. Amma a cikin birni, inda in ka yi atishawa maƙwabci ke amsa maka, ina za a ɓoye?

Asabar ɗin nan aka gayyaci Baba ɗaurin aure a Shahuci, Nazeer yana wajen, shi ya ba mu labari. An yi shiru, kowa ya ɗaga hannu, Baba ya buɗe baki zai yi addu'a, sai daga gefensa aka ji, "Kai mijin banza!" Wayar Alhaji Ado ce aka kira, babban ɗan kasuwa mai furfura. Ya shiga lalube cikin babbar riga, aljihu ya ɓace masa, bai samo ta ba har sai da aka kai "Sake ni in huta!" Abokan ango suka kifa kawunansu a gwiwa suna jijjiga.

Baba ya shigo gida ko hula bai cire ba. Ina rakuɓe a bakin rijiya.

"Mikail! Uwar da ta haife ni ka saka a aljihun Alhaji Ado?"

Yaya ya durƙusa. "Baba, kuskure ne."

"Ba sai an jira Sallah ba. Gobe da safe Kwari."

'Yardada ta fito daga ɗaki tana gyara ɗankwali. "Wa ke yi wa mijina tsawa?"

Nan take Baba ya rage murya, ya russuna ya yi mata bayani. Ta miƙa hannu aka ba ta wayar. Ta kara a kunne ta ji, ta ce a maimaita.

"Wannan ni ce? Ikon Allah. Ashe haka muryata take da garɗi. To wane ne wannan mai gurnani a bayana?"

"Ni ne," in ji Yaya.

"A rage shi."

"Inna," in ji Baba, "duniya fa ke ji. Gidan malamai ne nan."

Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne, sai ta dubi bango ta ce, "A gaya wa malamin gidan nan, ubansa na yi wa wanda ya fi wannan a tsakar gidan nan, bai hana shi limanci ba. Shekara da shekaru ina fama da wannan ragon, sai yanzu da ya fara kawo nama za a ɗauke mini shi? Ba inda za shi."

Baba ya ɗauki buta ya nufi zaure, alhali azahar da saura.

Yaya ya ɗago yana washe baki, ta nuna shi da yatsa. "Kai kuma duk Juma'a ka kawo mini na'urar ɗakina. Ni zan yi magana, kai ka riƙe waya."

"To waƙoƙina fa?"

"Ka yi su a zuci. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne, masu laifi sun yi yawa a gidan nan. Akwai uwarku Lami da tuwonta mai gudaji. Akwai mai buta da ya fita yanzu."

Ta fara juya kai tana bin tsakar gida da ido. Na ɗauki takalmana a hannu, na bi jikin bango.