Handul ɗin Landiroba

"Umma, in motar Baba ta ƙi tashi, Auta mutuwa zai yi?"

Rahama ce take tambaya. Lami, mahaifiyarta, tana tsaye a bakin ƙofa, Auta a kafaɗarta, jikinsa kamar garwashi, idanunsa sun kafe sama. Tun hantsi yake shiɗewa yana farfaɗowa. Ruwan da aka wuni ana zubawa jiya ya shanye layinsu na bayan mayankar Trans-Amadi, mai keke ko ɗaya ba ya yarda ya shigo, okada kuwa, wato acaɓa, an daɗe da hana ta a garin. Abin da zai iya keta wannan taɓo sai tsohuwar landirobar da mijinta Idrisu yake kai nama kasuwa da ita.

Idrisu mahauci ne, ba makanike ba, amma shi yake yi wa motarsa komai. Shekaranjiya da ya wanke jinin da ke bayanta, ruwan tiyo ya fantsama cikin inji. Ya kwance distiributa, wato kwankon da ke raba wa fulogai wuta, ya shanya ta, ya mayar. Kamar yadda ya ga direbobin mayanka suna yi, da kunne ya saita taimin, wato lokacin da wuta take kamawa: ya riƙa murza ta gaba har injin ya ɗau zafi yana kuka da sauri, ya ɗaure, yana cewa yanzu za ta ja kaya kamar ingarma. Yau da inji ya huce, sai gurnani take tana shaƙewa, har batir ya kwanta. Mazan layin duk suna mayanka, babu mai turi.

"Baban Rahama, yaron nan yana tafiya fa."

"Saura kaɗan. Akwai 'yar wutar da za ta ishi fulogi, juyi kawai take so."

Ya zaro handul daga bayan kujera, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zurawa ta gaban mota a juya inji da hannu. Ya damƙe shi irin riƙon da yake yi wa wuƙar fawa, babban yatsa ya zagaye ƙarfen, ya danna da dukan ƙarfinsa. Injin ya yi tari ɗaya ya juyo da baya. Lami ta ji ƙas, kamar an karya rake. Idrisu ya durƙusa cikin taɓo, hannunsa na dama ya karye daga wuyan hannu, yana lilo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta faɗa a hankali, don kuka ba shi da wuri yanzu. Ta zaunar da Rahama a dakali, ta ɗora mata Auta a cinya. "Ki riƙe shi a gefensa. Kada ki sa masa komai a baki."

Ta ɗaure zanenta tamau ta nufi motar.

"Gaya min abin da zan taɓa."

"Lami, ba aikin mata..."

"To tashi ka yi."

Ya dube ta, gumi yana zuba masa. "Wutar ce na kai gaba da yawa. Tana kamawa kafin lokacinta, shi ya sa ta harbe ni. Ɗauki ƙaramar sifana, ki sassauta notin da ke gindin kwankon. Kada ki cire."

Notin ya yi gardama, sifana ta zame ta ɓare mata yatsa. Ta tsotse jinin ta sake kamawa har ya saki.

"Mayar da ita baya. Kaɗan."

"Kaɗan nawa? Ni ban san kaɗan ɗinka ba."

Bai sani ba shi ma. Ta kai fuskarta kusa, sai ta ga inda baƙin mai ya daskare shekara da shekaru, ga wani ɗan fili mai haske a gefe, irin shatin da tukunya take bari in an gusar da ita daga mazauninta. Ta murza kwankon har hasken ya ɓace ƙarƙashinsa, ta ɗaure.

"Umma, ya sake sandarewa."

Ta kama handul.

"Kada ki zagaya da babban yatsa," in ji Idrisu da ƙyar. "Haɗa shi da sauran. Daga ƙasa za ki fizgo sama, ba dannawa ba."

Ta fizgo, shiru. Ta sake, ƙafarta ta zame, gwiwarta ta bugi bambar gaban motar. Ta yi bisimilla, ta tattara ƙarfin da take ɗaga jarkar ruwa da shi, ta fizgo. Motar ta girgiza ta kama.

Idrisu ya riƙe sitiyari da hagu, yana taka kuloci tana sa masa giya, yaran biyu a jikinta, ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofa. A asibiti wata nas ta karɓe Auta da gudu, ta juyo tana tambaya da Turanci me ya tsayar da su haka. Lami ta dubi hannayenta, duk baƙin mai da jini.

Auta ya rayu. Sai dai har yau in an kira shi ta hagu ba ya waiwayowa, likita ya ce daɗewar da ya yi a shiɗe ce.

Kai mai tsohuwar mota da ƙananan yara a gida, kada ka murza wutar injinka da kunne yana da zafi ka tafi ka kwanta. Jira ya huce, ka tayar, ka tabbata yana tashi. Ciwon yaro ba ya jiran makanike.