Kwano Mai Lamba Bakwai

Dakta Wirot ya ɗago daga na'urar ƙara girma, ya murza ido, ya sake leƙawa. Wata uku ke nan suna rainon ƙwayoyin halittar nan a ɗakin bincikensu na birnin Khon Kaen, daga jinin mutane har suka rikiɗa suka zama tsokar zuciya mai bugawa da kanta a kwanon gilashi. Na kwano na bakwai sai su buga, su yi sanɗa, su ruɗe da gudu, sannan tsit.

"Yaya Benjamat, kin rikita kwanukan," in ji shi. "Wannan na marar lafiya ne."

Benjamat, mai kula da ƙwayoyin tun yana ɗalibi, ta riƙe ƙugu. "Ni? Shekara ashirin ban taɓa rikita ko cokali ba. Bakwai na mai lafiya ne, wanda muke gwada sauran da shi. Sau uku na maimaita. Bugun masu ciwon gadon nan mai kashe mutum cikin barci ne sak."

Tsoro ya kama Wirot, don daga jininsa aka raini na kwano na bakwai. Doka ta hana ma'aikaci raino daga jininsa, amma da masu ba da jini suka yi ƙaranci, sai gogan ya ɗebi nasa a ɓoye, ya cike takarda da sunan ƙarya. Wa ya fi shi lafiya? Mutumin da ke ƙwallo duk Asabar! Ya manta, ko ya ƙi tunawa, cewa mahaifinsa ya kwanta lafiya lau bayan girbin shinkafa, bai tashi ba. Shekararsa talatin da takwas a lokacin. Wirot na da talatin da bakwai, da 'ya'ya mata biyu.

"A zubar da shi," ya ce.

"A zubar? Kai, Dakta, karatun ne ya taɓa ka? Ɗan wani ne fa yake yawo da wannan a ƙirji bai sani ba. Yau zai ga likita, ko da jan kunne."

Ta zaro takardar, ta gyara tabarau, ta shiga danna lambar wayar da ke ƙasa. Sunan dai Wirot ƙirƙirarsa ya yi. Lambar kuwa hannunsa ne ya rubuta wadda ya saba.

"Ɗauka mana, bawan Allah," Benjamat ta ce, waya a kunne.

Aljihun farar rigarsa ya fara ƙara.