Kujerar Inna a Mota

Mai gilashi bai faɗi maganar a gaban Inna ba. Sai da ya zaunar da ita wai ta zaɓi gilashin da ya dace da fuskarta, sannan ya ja Yaya gefe, ya rage murya ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na dama ma yana kan hanya, kuma babu gilashin da zai tare shi. Aiki idon yake so. Na'urar aikin kuwa babu ita a garin, sai a asibitin ido na tsallaken iyaka, tafiyar awa biyu in layin motoci bai yi tsawo ba.

"Kada ku wuce wata guda," in ji shi. "In kun wuce, kada ku wahalar da kanku da tafiyar."

Yaya ita ce babbar 'yar Inna, tela ce, kuma duk wani abu mai nauyi a gidan kanta yake sauka. Sati biyu ta yi tana buga wa asibitin waya, ana ce mata ta kira gobe, kafin aka ba su ranar Laraba ƙarfe sha ɗaya. Matar da ta rubuta sunan ta ƙara da cewa wanda ya makara sai bayan wata huɗu. Wata huɗu! Yaya ta ajiye wayar a kan keken ɗinki.

Samun ranar ma shi ne mai sauƙin. Inna ba ta shiga asibiti. Tun shekarar da Baba ya shiga asibiti da ƙafarsa aka ce ƙaramin aiki ne, aka fito da shi a lulluɓe, ko dubiya ba ta zuwa. In mota ta bi ta ƙofar asibiti sai ta kau da kai har a wuce. An roƙe ta, an yi mata faɗa, an turo mata ƙannenta, a banza. Kuma ba ta yarda idonta na da matsala ba. In ta zuba shayi a gefen kofi sai ta ce an matsar da kofin, in ta yi tuntuɓe da kujera sai ta tambayi wane mara hankali ne ya ajiye ta a hanya.

Ran Asabar Yaya ta kira ƙaninta Auta shago. Auta direban tasi ne, ƙato da gemu da 'ya'ya uku, amma sunan ya bi shi har yau. Ta janye tarin yadi daga benci, ta juya bayan takardar awo, ta ciro fensir daga bayan kunne.

"Yawo za mu kai ta," ta ce. "Yini guda. Kasuwa, abinci, kallo, mu dawo kafin a rufe iyaka."

"Asibitin fa?"

"Yana tsakiya. Ka ga: shida da rabi mu tashi. Takwas da rabi mun tsallaka. Shayi da burodi a tashar can. Tara zuwa goma kasuwar yadi. Goma da rabi muna ƙofar asibiti."

Auta ya sosa gemu. "Sai mu ce mata me? Nan ne gidan namun daji?"

"Ba wasa na kira ka ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, Yaya. Inna ce fa. Warin wurin kaɗai za ta ji ta gane."

"Ta gane ɗin. In dai mun kai ƙofa, ga mutane na kallo, ga ma'aikaciya ta kira sunanta, kunya ba za ta bar ta ta juya ba. Ka taɓa ganin Inna ta yi gardama a gaban baƙo?"

Bai taɓa gani ba. Sai ya ce gara a ƙara wani abu bayan asibitin, don ƙaryar ta yi ƙiba. Suka sa gasasshen kifi a bakin tafki ƙarfe biyu, da shiga kwale-kwale in ta yarda. Yaya ta rubuta duka, ta kwafe wata takarda daban wadda babu asibiti a ciki, ita za a karanta wa Inna. Tana rubutawa tana jin kunyar kanta. Shekara arba'in da shida ba ta taɓa shirya wa uwarta ƙarya da fensir ba.

Wayyo, da kun ga murnar Inna! Ta sa aka karanta mata takardar sau biyu. Ta ce rabonta da tsallaken nan tun tana da cikin Auta, lokacin kasuwar yadin rumfunan kwano ce. Ta tambaya ko har yanzu ana sayar da kofunan nan masu bakin zinare. Ta sa aka ciro mata mayafinta na fita aka goge. Yaya na tsaye da dutsen guga tana murmushin dole.

Abin da Yaya ta manta, kuma ita ce ta fi kowa sanin halin, shi ne Inna ba ta iya cin daɗi ita kaɗai. Kafin azahar ɗin Lahadi duk layin ya ji cewa Inna za ta tsallaka sayayya. Ai kuwa sai saƙo ya fara sauka. Matar mai kanti tana son fulas babba, ja. Tsohuwar gidan da ke kan kwanar layin tana son takalmi mai taushi, ta aiko da zaren da ta auna ƙafarta da shi. Wata na son murfin tukunya, murfin kawai, ta aiko da tukunyar. Matar malamin makaranta na son zaren saƙa kala uku. Inna na zaune a falo tana karɓa, tana cewa "Ba komai, ai hanya ce," tana sa jikokinta su rubuta.

Ran Litinin da Yaya ta dawo daga shago, saƙo ya kai goma sha tara. Ta zauna a kicin ta sake lissafa lokaci. Yadi a gabas, kayan kicin a can ƙarshen kasuwa, takalma a wani titi daban. Ko da gudu ake yi, awa uku ne. Ita kuwa awa ɗaya ta ware.

"Inna, kayan nan sun yi yawa. Mu mayar da rabi."

"Mu mayar? Da wane bakin?"

"To mu bar su sai bayan azahar, in mun ci abinci."

"A'a. Saƙon mutane ake fara saya, sannan mutum ya ci kifinsa da kwanciyar hankali. Haka na tashi na gani. Ke dai kullum sauri, kamar wadda ta bar tukunya a wuta."

Yaya ta fita bayan gida ta kira Auta. Ya ce shi zai zaga ya sayi kayan yayin da suke asibiti. Ta ce ai matsalar Inna ba za ta bar kasuwar ba sai ta taɓa kowane kaya da hannunta. Ya ce to a tashi ƙarfe biyar. Ta ce ba a buɗe iyaka sai bakwai, kasuwa kuma sai tara. Daga ƙarshe suka tsaya a kan cewa Auta zai ce motar na ɗaukar zafi, dole a kai ta wurin makanike ƙarfe goma, makaniken kuma yana kusa da asibiti. Ƙarya ta biyu ke nan a kan ta farko, kuma Yaya ta san ba ta da ƙwari.

Ran Talata da la'asar Maman 'Yan Biyu ta shigo. Maƙwabciyarsu ce ta jikin katanga, mai yawan dariya, kuma tana ɗan tsallakawa saro kaya lokacin da take da jari. Ta zo da ƙyallen labule, tana son yadi shida irinsa sak.

"Irin wannan fa, Inna, kada a kawo mai duhu."

Inna ta karɓa, ta kai shi kusa da idon dama, ta juya shi wajen taga. "To, kore mai haske. An gama."

Maman 'Yan Biyu ta fashe da dariya har da tafa cinya. "Kai, Inna! Shuɗi ne fa! Za ki sa falona ya koma gona."

Inna ma ta yi dariya, ta ce hasken ɗakin ne. Bayan matar ta fita sai ta zauna da ƙyallen a cinya, tana murza shi da yatsu har aka kawo abinci. Yaya ta gani. Amma kanta na cikin takarda, tana neman inda za ta sato minti ashirin, sai ta ce a ranta gajiya ce.

Laraba, shida da kwata, Auta ya tsayar da mota a ƙofar gida. Yaya ta fito da jaka: katin shaidar Inna, takardar mai gilashi a ninke cikin aljihun ciki, ruwa, tukunyar mutane. Tana buɗe get ta ga mace zaune a kujerar gaba, ta ci kwalliya, jaka a cinya. Maman 'Yan Biyu ce.

"Ina kwana, Yaya! Inna ta ce in zo in tafi a madadinta. Allah ya saka, dama ina ta son zuwa."

Auta ya dubi Yaya ta saman mota, fuskarsa ta yi fari fat. Jakar ta kusa suɓuce wa Yaya. Ta juya da gudu.

Inna na zaune a bakin gado da kayan jiya, mayafin da aka goge yana ninke a kan matashi.

"Inna, mene ne haka? Tashi ki shirya, don Allah, lokaci na tafiya!"

"Ku je kawai. Na ba ta takardar saƙon. Ita ta san kasuwar, kuma idonta garau."

"Don ke aka shirya tafiyar nan!"

"Na sani, Allah ya yi muku albarka. Amma me zan je in yi?" Ta gyara zama, muryarta ta yi ƙasa. "Kasuwa wurin kallo ce. Tafki ma kallo ne. In je in sayo wa mutane kore a maimakon shuɗi, su karɓa don kunya, su koma gida su yi ta dariya? Ke, bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Tun watan jiya ba na ganin fuskarki. Muryarki nake bi."

Shekara biyu Yaya na jiran ranar da Inna za ta faɗi wannan da bakinta, sai ga shi ta faɗa a matsayin dalilin ƙin tafiya. Agogon bango ya nuna shida da minti ashirin da biyar. A waje ana jin Maman 'Yan Biyu na ba Auta labari tana dariya ita kaɗai. Yaya ta durƙusa a kan tabarma.

"Inna, babu wani yawo. Ƙarya na yi miki. Asibitin ido za mu kai ki, ƙarfe sha ɗaya. Mai gilashi ya ce na hagu ya tafi, na dama kuma in ba a yi aiki a watan nan ba shi ma zai tafi. In muka rasa yau sai bayan wata huɗu, kuma idon ba zai jira ba. Na rasa yadda zan yi ne, wallahi na rasa. Ki zage ni, ki yi fushi da ni shekara, amma ki shiga motar nan."

Inna ba ta motsa ba. "Da Auta a ciki?"

"Da shi. Ni na sa shi."

"Kifin ma ƙarya ne?"

"Kifin gaskiya ne," in ji Yaya, tana kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Kuka sa na karɓi saƙon mutum ashirin a kan ƙarya. Kuka sa na yi ta murna a gaban jikokina." Ta kau da kai. "Ubanku ma ce masa aka yi ƙaramin aiki ne."

"Na sani, Inna."

"In suka taɓa idon bai yi ba fa? Ɗan hasken da nake ganin taga da shi ya tafi, wa zai riƙe ni?"

"Ni."

"Ke da ba ki iya gaya mini gaskiya ba?"

Yaya ta sunkuyar da kai, ta bar maganar ta shige ta, don ta san ta cancanta. Mota ta yi ƙaho sau ɗaya a waje, a hankali, irin na mai jin tsoro. Shida da rabi ta wuce. Kowane minti yanzu motoci ne ke shiga gabansu a layin iyaka.

Can Inna ta ja dogon numfashi. "Ki ce wa matar nan ta koma kujerar baya, ta sayo wa mutane kayansu yayin da muke can. Ba zan dawo layin nan hannu wofi ba. Ke kuma ban yafe miki ba tukuna, kada ki ɗauka na yafe."

"To, Inna."

"Ina jin tsoro," in ji Inna. "Ɗaga ni."

Ta miƙa hannu. Amma wajen kabad ta miƙa shi, inda babu kowa, tana jira. Yaya ta ja gwiwa a hankali ta koma inda hannun yake, ta kama shi.